LAND ROVER A ƘASAR ZAZZAU: TARIHIN ƘIRARTA DA AIKINTA TSAKANIN SAMARU DA SABON GARI, 1948–1986

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin ƙasar Hausa sun ba da ƙarfi ƙwarai ga sarauta da yaƙe-yaƙe da jihadi da zuwan Turawa, kuma hakan daidai ne. Amma kayan aikin da jama'a suka yi zaman duniya da su, irin su garmar shanu da keken ɗinki da injin niƙa da mota, ba kasafai ake ba su ko da babi guda ba, alhali kuwa su ma sun sauya zaman mutane kamar yadda dokoki da haraji suka sauya shi. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki mu dube shi da idon tarihi, watau tsohuwar motar nan Land Rover, wadda bakin Bahaushe ya mayar Landiroba, musamman gajerar, wadda ita ce ƙarama kuma mafi araha a cikin danginta.

Mun zaɓi yankin Samaru da Sabon Garin Zariya, har da garuruwan da ke kewaye da su irin su Zabi da Basawa da Bomo da Hanwa, domin a nan ne abubuwa biyu da motar ke bukata suka haɗu: a Samaru akwai ma'aikatan da aikinsu ya tilasta musu shiga ƙauye, a Sabon Gari kuma akwai kanikawan da ke tayar da ita idan ta kwanta. Abin da muke son nunawa shi ne, an ƙera wannan mota a cikin halin rashi, kuma wannan rashin ne ya sa ƙirarta ta dace da ƙasarmu; sa'an nan mun iya gyaranta sarai, amma ba mu kai ga ƙera ta ba, shi ya sa ranar da kayan gyara suka yanke ta kwanta.

2.0 Asalin Motar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta fita da nasara amma aljihunta a bushe. Gwamnati ce ke raba ƙarfe ga masana'antu, kuma tana fifita kamfanin da ke sayar da kayansa a ƙasashen waje ya kawo kuɗin musaya. Kamfanin Rover kuwa motocin alfarma ya saba ƙerawa, waɗanda ba su da kasuwa sosai a waje. Babban injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey, inda yake aiki da wata jif ta sojan Amurka ragowar yaƙi. A 1947 shi da wansa Spencer Wilks, wanda ke shugabantar kamfanin, suka shawarta su ƙera irin wannan mota don manoma, ta zama rabi mota rabi tarakta, ta riƙe kamfanin kafin al'amura su daidaita. Aka nuna ta ga duniya a bikin baje kolin motoci na Amsterdam ran 30 ga Afrilu, 1948, aka sa mata kuɗi fam 450, aka kuma shiga ƙera ta a Solihull, a wata masana'anta da aka yi injinan jiragen sama a cikinta lokacin yaƙi.

Rashin ƙarfe ya sa aka yi gangar jikinta da alminiyam, watau goran ruwa, wanda ya fi samuwa a lokacin. Rashin kuɗin sayen manyan injinan matse ƙarfe ya sa aka yi fallayen jikin a miƙe, ba lanƙwasa ba ado, shasin kuma aka haɗa shi da walda daga fallayen ƙarfe huɗu, ya zama kamar dogon akwati. Ta farkon tana da inci 80 tsakanin tayar gaba da ta baya, da inji mai cc 1,595. A 1954 aka tsawaita ta zuwa inci 86, aka kuma fito da doguwa mai 107. A 1956 suka zama 88 da 109, ma'aunin da suka zauna a kai har ƙarshe. Injin dizal ya shigo a 1957. Samfuri na biyu, Series II, ya fito a 1958 da injin fetur mai cc 2,286. Series IIA ta biyo baya a 1961, sa'an nan Series III a 1971, wadda aka ci gaba da ƙerawa har 1985. Motar da aka yi da niyyar ta tsare gida na ɗan lokaci, a 1976 aka ƙera ta miliyan ɗaya.

3.0 Ƙasar da Ta Tarar

Kafin mu shiga cikin injin, ya kamata mu dubi ƙasar da motar ta zo ta taka. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, daga nan aka ja reshe zuwa Jos, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda wanda ya kammala a 1929. Sabon Gari ya tashi ne a gefen tashar jirgin, ya tara ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da masu sana'ar hannu daga kudu da arewa. Samaru kuwa, a kan hanyar Funtuwa, an kafa tashar binciken aikin gona a cikinta a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A Shika, gaba kaɗan, akwai gonar kiwon dabbobi ta gwamnati tun 1928.

To, jirgi yana bin dogo ne kurum, babbar mota kuma tana bin hanyar burji. Abin da ya rage, watau mafi yawan ƙasar, hanyar jaki ce da ta ƙafa. Damina a Zazzau takan kama daga wajen watan Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma ƙasar wurin mai laushi ce, da ta sha ruwa sai ta zama santsi, fadamun Kubanni da na Galma da rafukan da ke zuba cikinsu su cika su yanke hanya. Wannan kuwa shi ne lokacin da ma'aikacin gona ya fi bukatar ganin gona. Irin audugar da aka tace a Samaru, kamar Samaru 26J, ko irin gyaɗa Samaru 38, ba ya amfanar kowa in ya tsaya a filin gwaji. Tilas ne a kai shi gonar manomi, a koma a duba tsirowarsa, a koma a auna amfaninsa. Ko a shekarun 1960, da David Norman da abokan aikinsa suka yi nazarin tattalin arzikin ƙauyuka uku na lardin Zariya, sun zaɓi Hanwa don tana bakin gari, Doka don tana bakin hanyar Kano, Ɗan Mahawayi kuma don wuyar isarta. Ashe ke nan hanya ita kanta ma'auni ce ta bambancin arzikin ƙauyuka.

A da, rangadi a kan doki ake yin sa, da 'yan alaro ɗauke da kaya, tafiyar kwana da kwanaki. Da Land Rover ta samu, sai Di'o da ma'aikatan En'e da malaman gona da malaman dabbobi da 'yan majigi suka koma kanta. Kamfanin BEWAC ne dillalinta a Nijeriya a wancan lokacin. Yaƙin da aka ƙaddamar da cutar bushiya a 1962, wanda ya bi shanu har rugagen da ba hanya, da yawon siyasar zaɓen 1959 da lasifika a bisa rufin mota, duk irin aikin da aka san wannan mota da shi ne. Saboda haka a idon mutumin ƙauye ta zama alamar hukuma: ƙurarta daga nesa tana iya zama allura ko taki ko majigi, tana kuma iya zama haraji ko sammaci.

4.0 Ƙirar Motar

Yanzu sai mu duba abin da ya sa ta iya wannan aiki. Za mu ɗauki gajera mai inci 88 ta shekarun 1960 da 1970, domin ita da doguwar 'yar'uwarta aka fi sani a nan.

4.1 Shasi da Jiki

Ƙashin bayan motar shi ne shasi, mai siffar tsani: dogayen ƙarafa biyu da gajeru a gicciye. A kansa ake ɗaure inji da giya da jiki, kowanne da kusoshinsa. Ƙofa da rufi da murfin inji da fuka-fukan gaba duk ana kwance su da sifana, a mayar. Mota guda tana iya zama mai rufin tamfol yau, gobe a ɗora mata rufin ƙarfe, jibi a mai da ita a-kori-kura. Goran ruwa ba ya tsatsa, in ya lotse kuma ana buga shi da guduma ya miƙe. Shasi in ya tsage, mai walda ya ɗora masa faci. Ga ƙasashe masu zafi an yi mata rufi mai hawa biyu, da sarari a tsakani inda iska ke ratsawa, don kada rana ta gasa na ciki. A ƙarƙashin gilashin gaba kuma akwai 'yan tagogi biyu da ake buɗewa da hannu iska ta shigo.

4.2 Ƙafafu

Gaba da baya, kowanne aksul guda ne miƙaƙƙe, a rataye da sifirin mai ganye-ganye irin na manyan motoci. Wannan tsari ba shi da daɗin zama. Wanda ya bi gargadar hanyar burji da rani a bayan Land Rover ba ya mantawa. Amma yana da fa'ida biyu. Ta farko, idan taya guda ta hau tudu, aksul ɗin gaba ɗaya ke ɗagawa, cikin motar bai taɓa ƙasa ba. Ta biyu, ganyen sifirin in ya karye, ana ɗaure shi a lallaɓa a iso gari, maƙeri ko bakanike ya yanko wani ya sa. Gajartar motar kuma, da ƙarancin abin da ya yi saura gaban taya da bayanta, su ke ba ta damar gangarawa kwari ta haura ba tare da hanci ko gindi ya tokare ba.

4.3 Giya

A nan ne asirin motar yake. Ban da sandar giya mai gaba huɗu da baya ɗaya, akwai wasu sanduna biyu a ƙasa kusa da ƙafar direba, ɗaya mai jan kai, ɗaya mai kai ruwan ɗorawa. Suna sarrafa wani ƙaramin akwatin giya na biyu da ke bayan babban, wanda ke raba ƙarfin inji tsakanin farfelar gaba da ta baya. A kan hanya mai kyau tayoyin baya kaɗai ke tura motar. In aka zo yashi ko santsi, sai direba ya danna mai ruwan ɗorawa, tayoyi huɗu su kama aiki. In abin ya faskara, sai ya tsaya ya jawo mai jan kai baya, watau giyar taimako da direbobi ke kira ogzilare, wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfi fiye da sau biyu. Ta haka motar ke da giyar gaba takwas da ta baya biyu. A giya ta ɗaya ta taimako, inji kan juya kimanin sau 40 kafin taya ta juya sau ɗaya, alhali a giya ta huɗu ta kan titi bai kai sau 6 ba. Shi ya sa injin da ƙarfinsa bai wuce na doki 70 da 'yan kai ba yake fid da mota daga taɓon da ya riƙe wadda ta fi ta girma. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.

Amma fa tsarin yana da sharaɗi. Babu abin da ke daidaita juyin gaba da na baya idan an haɗa su, don haka in direba ya bar tayoyi huɗu suna ja a kan kwalta, sai ƙarafan su dinga murɗe juna har wani abu ya karye. Kafin Series III kuma, giya ta ɗaya da ta biyu ba su da abin da ke daidaita haƙora, sai direba ya taka kuloci sau biyu ya saurari inji kafin ya sauya. Mota ce da ke neman direba mai kunne da haƙuri.

4.4 Inji

Injin mai silinda huɗu ne, na baƙin ƙarfe, ba a matsa shi ya yi gudu ba, don haka yana jure fetur marar kyau da dogon aiki. Wutarsa ta kwantak ce da kwayil da fulogi huɗu, mansa kuma ta kafireto yake bi. Duk abubuwa ne da ido ke gani, hannu ke kaiwa. Matatar iskarsa tukunya ce mai baƙin mai a ciki, ƙura na faɗawa cikin man ta zauna. Da hunturu ya yi ƙura sai a zubar, a wanke, a zuba sabo, ba a sayi kome ba sai mai. In batir ya mutu a daji, akwai hannun tayarwa da ake zurawa ta gaba a murɗa. Har wa yau an bar wata kafa a jikin akwatin giya inda za a iya ɗaura abin juya injin ban ruwa ko na sussuka, gadon tunanin farko na cewa motar manomi ce.

4.5 Aibobinta

Kada a ɗauka waƙar yabo muke yi. Motar tana da shan mai, da wuya lita guda ta kai ta kilomita 7. Tana yoyon baƙin mai ta ko'ina. Birkinta na ganga ne, in ta ratsa rafi sai an tattaka kafin ya kama. Sitiyarinta da nauyi, ga shi yakan yi wasa. Jiki ba ya tsatsa, amma shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne, laka na maƙalewa a cikinsu ta ci su. Babban rauninta kuwa shi ne sandar aksul ta baya, wadda kan karye in an yi lodi fiye da kima aka fizgi kuloci. Sai dai ko a nan ƙirar ta bar mafita: nauyin motar ba a kan wannan sanda yake ba, saboda haka taya ba ta fita; direba ya danna mai ruwan ɗorawa, tayoyin gaba su jawo shi gida.

5.0 Sabon Gari: Inda Motar Ta Zama Makaranta

Ma'aikatu suna da garejinsu da kanikawansu, amma motar gwamnati ba ta mutuwa a hannun gwamnati. In ta tsufa akan yi gwanjonta, ta faɗa hannun ɗan kwangila ko mai sayen auduga ko direban da zai riƙa jigilar 'yan kasuwar ƙauye. Daga nan sai ta zama ta kanikawan bakin hanya, kuma Sabon Gari ce cibiyarsu, domin can ne kantunan kayan gyara da masu walda da masu gyaran lagireto da na batir suka taru tun zamanin reluwe.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙirar ta dace da hanyar koyon sana'a irin tamu. Yaro yakan fara da wanke kusoshi da miƙa wa maigidansa sifana, yana kallo, har ya kai ga a ba shi kafireto ya kwance. Mota wadda kowane sashenta ke kwantuwa da sifana, wadda kuma ƙirarta ba ta sauya sosai ba daga 1958 zuwa 1985, ta ba da damar abin da maigida ya koya yana yaro ya koyar da shi yana dattijo. Kayan wannan samfuri da yawa suna shiga wancan, don haka matacciyar mota guda takan rayar da uku. Kusoshinta ma na ma'aunin inci ne irin na Ingila, ba na milimita irin na Fijo ba, har ya zama bakanike yana ajiye sifanu iri biyu. Ko sauyin hannun tuƙi da Nijeriya ta yi ran 2 ga Afrilu, 1972, daga hagu zuwa dama, bai dame ta ba, gama tun asali an tsara ta yadda za a iya sa sitiyari ta kowane ɓangare, saboda kasuwar ƙasashen waje.

Ta haka ilmin da Samaru ke samarwa ya dogara, ba tare da an faɗa ba, a kan wani ilmin da ke ƙarƙashin bishiya a Sabon Gari. Na farko an rubuta shi a rahotanni da mujallu. Na biyu yana cikin kawunan mutane da hannuwansu.

6.0 Ja da Baya

Abubuwa huɗu suka taru suka kawar da ita. Na farko, kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya shimfiɗa kwalta a hanyoyi da yawa, manyan ayyukan gona kuma, irin na Funtuwa da aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, suka yi hanyoyin ƙauye. Inda hanya ta gyaru, a-kori-kurar Fijo 404, wadda aka shiga harhaɗa danginta a Kaduna daga 1975, ta fi sauri da sauƙin mai. Na biyu, motocin Japan, musamman Toyota Land Cruiser da kuma Hilux mai jan taya huɗu da ta fito a 1979, sun zo da inji mai ƙarfi da ƙarancin lalacewa. Land Rover mai sauƙin gyara ce, su kuwa ba su cika neman gyaran ba, kuma mai mota ya fi son na biyun. Na uku, kamfanin da ke ƙera ta ya shiga cikin British Leyland a 1968, wanda ya yi ta fama da rikici har gwamnatin Ingila ta karɓe shi a 1975, aka daɗe ba a sabunta ƙirar ba.

Na huɗu shi ne ya fi shafarmu. A ƙarshen shekarun 1970 an buɗe masana'antar Leyland a Ibadan, inda ake harhaɗa Land Rover da manyan motoci. Amma harhaɗawa ce: inji da giya da aksul a cikin akwatuna suke zuwa daga Ingila. Da kuɗin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan aka karya darajar naira a 1986, sai akwatunan suka daina zuwa yadda ya kamata, kayan gyara suka yi tsada, ma'aikatu suka jingine motocinsu a bayan ofis. Bakanike yana iya yanka sifirin, ya yi wa shasi faci, amma ba ya iya zuba fistin ko yanka haƙoran giya. Kowa ya dogara da tukunyar wani, ranar da aka sauke ba da shi ba zai kwana da yunwa. A can Ingila kuwa, magajiyarta mai sifirin naɗaɗɗe ta fito a 1983, aka raɗa mata suna Defender a 1990, aka daina ƙera wannan tsohon tsari a Janairun 2016.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda ƙarancin ƙarfe da kuɗi a Ingila ya haifi mota mai sauƙin ƙira, yadda wannan sauƙi ya dace da hanyoyin Zazzau da garejojin Sabon Gari, da kuma yadda dogaro da kayan waje ya kwantar da ita. Darasin da muke gani shi ne, idan hukuma za ta sayi na'ura don aikin karkara, bai isa a tambayi ƙarfinta da kuɗinta ba. Sai a tambayi wa zai gyara ta a inda za ta lalace, da kuma wane sashe nata za a iya yi a gida. Motocin da suka gaje ta, masu kwamfuta a ciki, sun fi ta daɗi da lafiya nesa ba kusa ba, amma in suka tsaya a fadama da damina, sifana kaɗai ba ta tayar da su, ƙauyukan da ke bayan rafi kuwa suna nan.

Daga ƙarshe muna kira ga sassan tarihi da na Hausa da na koyar da sana'a a kwalejojinmu da jami'o'inmu da su tura ɗalibai wurin tsofaffin direbobi da kanikawa na Samaru da Sabon Gari da Zabi, a ɗauki bayaninsu, a tattara kalmomin da suka ƙirƙira wa sassan mota, tun suna raye. Ya kuma dace a samu ko da guda ɗaya daga cikin motocin nan a gyara ta a ajiye a Samaru, kusa da filayen gwajin da ta yi wa hidima, don ɗalibi ya buɗe murfinta ya gani da idonsa.